Kaguwa da Kunnen Kyaftin

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso, muna saurare!

Wata rana sojojin ruwa suka zo atisaye da na'ura mai sakin ƙara a ƙarƙashin teku. Ƙarar ta toshe kunnen kowa, har ɗan Ayu ya ɓace, don ba ya jin kiran uwarsa.

Kaguwa sarkin rigima ta tarar da uwar tana kuka, ta ce, "Share hawayenki, Yaya Ayu."

Ta hau jirgin sojojin, ta danƙe kunnen Kyaftin.

"Wayyo kunnena! Sake ni!"

"Haka namu ke ciwo, ranka ya daɗe. Kashe na'urarka tukuna."

Ya kashe, ya rantse ba zai ƙara ba. Ayu ta yi kira sau ɗaya, sai ga ɗanta! Kifaye suka ɓarke da rawa.

Ƙurunƙus, kan ɗan tarwaɗa!