Ciki Ɗaya da Sarki

Ga ta nan, ga ta nanku. To, ku ce ta zo mu ji ta mana, ko bakin ya yi nauyi?

Zaki ne, sarkin dawa, haƙoransa suka lalace, sai ya tafi ƙetaren kogi neman magani. Damina uku ba ya nan. Namun daji suka sake, suka yi ɓul-ɓul, har Barewa ta ajiye tumbi.

Ran nan sai ga labari, Sarki ya warke, yana tafe. Wazirinsa Dila ya sa aka share hanya, aka ɗauki kiɗa. Waɗanda jiya ke addu'ar kada ya dawo, su ne yau a gaba suna guɗa.

Zaki ya hau dutse ya washe baki, haƙora farare tas. Ya ce, "Talakawana, daga yau ni da ku ciki ɗaya muke!"

Kai, ranar an sha tafi! Sakarkaru.

Sai Dila ya ce gaisuwa a ɗaki za a yi, ɗaya bayan ɗaya. Barewa ta shiga, shiru. Gada ta shiga, shiru. Sai aka zo kan Bushiya, wata 'yar tsohuwa mai ƙaya a baya.

Ta ce, "Waziri, ina Barewa?"

"Ta zama ciki ɗaya da Sarki, Iya."

"Gada fa?"

"Ita ma."

Daga ɗaki sai aka ji gyatsa, gaaat!

"Wannan fa?"

"Sarki ne ke sa albarka."

Nan take Bushiya ta gane. Ga tsoro, ga ba ƙafar gudu. Sai ta shiga ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, barka da sauka."

"Matso, Iya, mu yi zumunci."

Sai Zaki ya sure ta ya jefa baki. Tana isa maƙogwaro ta dunƙule ta baje ƙaya. Ba gaba, ba baya.

Zaki ya fito a guje, ido jajur, hawaye shaaa. Dila ya ce, "Kun gani? Kukan farin ciki yake! A ƙara kiɗa!" Zaki ya faɗi yana birgima. Dila ya ce, "Sarki na rawa!" Aka yi ta guɗa har ya miƙe ƙafa ya daina motsi.

Bushiya ta rarrafo waje tana karkaɗe miyau. Kafin kowa ya ce uffan, Dila ya zube a gabanta. "Ranki ya daɗe! Da ma ke muke jira."

Saboda haka, yara, in babba ya ce ku ciki ɗaya ne, ku fara tambayarsa cikin wa.

Ƙurunƙus kan dila.