Kawu Lauya da 'Yan Tsakin Anti

Don Allah duk wanda ya gane ni ya rufa min asiri, kar ya faɗi sunana. In labarin nan ya koma gidanmu na kaɗe.

Akwai wani direba, ƙanin mahaifiyar wata yarinya ne, ba ni ba. Ana ce masa Lauya, don ya taɓa tuƙa wani lauya wata uku. Tun daga nan ba a faɗa masa magana. Matarsa, Anti, kaji take kiwo, kullum rediyonta na rataye a ɗakin kaji tana jin shirin shari'a. Shi kuwa dariya yake mata.

"Ke da kaji kuke karatun dokar?"

Ran nan da tsakar rana suka ɗauko 'yan tsaki kwali huɗu, 'yan kwana ɗaya, aka jera su a kujerar bayan mota. Mai sayarwa ya ja musu kunne, ya ce kar a rufe gilas, zafi na kashe su nan da nan.

Suna cikin tafiya ɗan sanda ya ɗaga hannu. Ya duba takardu, lafiya lau. Sai ya ce, "Malam, buɗe min but ɗin bayan motar."

Kan Kawu ya ɗau zafi. Yau ga ranar da zai nuna wa Anti ilimi. Ya ce ta fito, ya ɗage gilasai, ya kulle mota, ya jefa makulli a aljihu, ya harɗe hannu.

"Ka san da wa kake magana? Ba mai taɓa motar nan sai ka kawo min takarda daga kotu!"

Ɗan sandan bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "To madalla. Bari babbanmu ya zo ku yi bayani." Ya koma gindin bishiya ya zauna.

Kawu na tsaye a rana, gumi na bin ƙeyarsa, yana jin kansa a sama. Kukan 'yan tsaki kuwa sai raguwa yake. Ya ji sarai, amma yaya zai buɗe bayan wannan cika bakin?

"Maigida, suna mutuwa fa," in ji Anti.

"Ki bari, dabara ce."

Anti ta gyara mayafi ta nufi bishiyar.

"Sannu da aiki, Yallaɓai. Don Allah mene ne sunanka, kuma me ya sa aka tsayar da mu?"

Ya nuna mata sunan a ƙirjinsa. Ya ce an sace wata mota mai irin wannan launin, ita suke nema.

"To ka duba. Amma muna tsaye muna kallo, a gabanmu za a yi komai. Kuma ka bari mu matsar da motar inuwa, akwai rai a ciki."

"Hajiya, ai da haka aka fara da tuni kun kai gida."

Ta dawo ta miƙa wa Kawu tafin hannu. Ya ba da makulli. Aka buɗe kwalaye, 'yan tsaki sun wage baki suna haki. Ɗan sanda ya cire hularsa yana yi musu fifita, Kawu na ɗiga musu ruwa da murfin gora. Bakwai ba su tashi ba. Sauran suka farfaɗo, ɗaya har ya yi wa ɗan sandan kashi a hula.

Sannan aka buɗe but. Tsohuwar taya ce kawai, da silifas wari ɗaya.

Ɗan sandan ya ɗaga silifas ɗin. "Lauya, wannan ne sai da takardar kotu?"

Yanzu kullum da safe Kawu ke kai wa kaji ruwa. Shi ke kunna rediyon ma, wai don kaji su saba da hayaniya.

Darasin shi ne, sanin haƙƙinka ba ihu ba ne. In an tsayar da kai ka kwantar da hankali, ka tambayi suna da dalili cikin ladabi, ka tsaya idonka a kan duk abin da ake dubawa. In an zalunce ka, akwai inda ake kai ƙara daga baya. Kuma kar ka raina mai jin rediyo, don wata rana… wayyo, ga ƙarar takalmin Kawu nan a ƙofa, bari in ɓoye takardar da nake rubutawa…