Hauni Barmo da Ƙwaryar Shari'a

A zamanin da, an yi wani Sarki wanda jinkirin shari'a ya dagula wa ƙasa. Mutum kan shiga kurkuku da baƙin gashi, furfura ta riske shi ba a ji ƙararsa ba. Dangin waɗanda aka kashe suka gaji da jira, suka koma ɗaukar fansa da hannunsu, har kasuwa ba ta watsewa sai an kwashi gawa.

Sarki ya fusata, ya sa aka huda ƙwarya aka ɗora bisa ruwan kwatarniya a tsakar fada. Ya ce, "Mai ƙara da wanda ake ƙara su faɗi tasu kafin ta nutse. In ta nutse a yanke hukunci, a zartar nan take."

Kurkuku ya zama kango, ungulaye suka yi ƙiba. Barmo, haunin Sarki mai sare kawuna, har kafaɗarsa ta riƙe don aiki. Shi ke jin abin da mutane ke faɗi a durƙushe gaban takobi, yawanci kuwa ragowar maganar da ƙwarya ta katse ce. Abin ya tsaya masa a rai, tuwo ya daina yi masa daɗi.

Ran nan aka jawo Jatau marini, riga jina-jina, an same shi rungume da gawar wani bafatake a bayan marina. Mai ƙara shi ne Tunau dillali, mai masaukin mamacin, wanda bakinsa ya fi na maroƙi zaƙi. Ya yi ta zuba har ƙwarya ta kusa cika. Jatau kuwa, bawan Allah, mai i'ina ne. Ya buɗe baki, "Na... na... na...", jijiyoyin wuyansa suka tashi, ƙwarya ta yi ƙasa.

Sarki ya ce, "A sare."

Barmo ya zare takobi, ya dubi wuyan da ke gabansa, sai ya soke takobin a ƙasa. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba zan sara ba."

Dogarai suka rufe shi da kulake har haƙoransa suka zuba. Sarki ya daka tsawa, "A fille kansa da takobinsa!"

Barmo ya tofar da jini ya ce, "Ranka ya daɗe, dokarka ta ba kowane mai laifi ƙwarya. Ina tawa?" Aka ɗora. Ya juya ya ce, "Jatau, na ba ka ita. Yi magana."

Jatau ya yi ta fama: "Na... na tarar da shi... da ransa. Ya ce ya... ya..." Ƙwarya ta sake nutsewa.

Sai Waziri, dattijon da bai taɓa ɗaga murya a fada ba, ya tuɓe rawaninsa ya jefa gaban Sarki. Ya ce, "Ga shi ni ma na yi rashin ladabi. A ɗora tawa, na ba Jatau."

Jatau ya ja numfashi. "Ya ce... ya ciji hannun... wanda ya soke shi."

Ido ya koma kan Tunau, wanda tun safe hannunsa na dama ke ɓoye cikin riga. Ya zaro wuƙa ya yi kan Jatau. Barmo ya fizge takobi daga ƙasa ya kai sara ɗaya, hannu da wuƙa suka faɗi gaban karaga, ga shatin haƙora a bayan hannun kowa na gani. Tunau ya amsa laifinsa yana birgima cikin jini.

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, alƙalai ya kamata a gaggauta, kada ƙara ta tsufa a hannunsu. Amma wanda wuyansa ke ƙarƙashin takobi, a bar shi ya kai ƙarshen maganarsa, takobin kuma ya kwana cikin kube."

Sarki ya ce haka za a yi. Ya saki Jatau, ya miƙa wa Barmo alkyabba. Barmo bai karɓa ba. Ya nuna bayan gari inda ungulaye ke shawagi, ya ce, "Waɗancan da na sare fa, ranka ya daɗe? Su ma ba su gama maganarsu ba."

Sarki ya sunkuyar da kai. Can ya tashi ya tsamo ƙwaryar da hannunsa, ya ɗora mata ƙafa ya farfasa. Tun daga ranar ba a sake sare kowa a ƙasar da sauran magana a bakinsa ba.