Ɗigon Jan Fenti

An yi wani mutum mai naɗin kwayil. A cikin kowane injin lantarki akwai zoben ƙarfe mai ramuka wanda ba ya juyawa. A ramukan nan ake shimfiɗa takarda, a naɗa wayar jan ƙarfe, a tsoma a banish, wani ruwa mai danƙo da ke lulluɓe waya, sannan a gasa a hankali har ya bushe ciki da waje. Sana'arsa ke nan, kuma Allah ya ba shi hannu.

Gashin ne yake cin lokaci, shi kuwa ba shi da haƙuri. Sai ya ƙirƙiro dabara: ya daina tsomawa, ya koma fesawa daga sama, ya busar da fitila mai zafi. Kwayil ya fito yana ƙyalli kamar an lashe shi, alhali can ciki waya tsirara take, tana gogar 'yar uwarta duk lokacin da inji ya kaɗa. Aikin yini ya koma na ɗan lokaci. Har ya fara haɗa fankoki da tambarinsa, ana sayarwa a kantuna. Aka riƙa ce masa Injiniya, shi ma ya daina musantawa.

Ya san abin da yake yi kuwa? Sarai. Shaidata ita ce bai daina yin na kirki ba. Yakan gasa kaɗan yadda ya kamata, saboda gidansa da mutanen da yake jin tsoro, ya sa musu ɗigon jan fenti a ƙarƙashi. Babu wanda ya san ma'anar ɗigon sai shi.

Yana da 'ya mai shagon ɗinka katifu, soso jibge har rufi. Wata rana ya leƙa gaishe ta, ya tarar da sabuwar fanka ta tsaye tana kaɗawa.

"Baba, duba tambarin," in ji ta tana dariya. "Mai kanti ya ce in gwada, na ce aikin ubana ne, wa zai gwada? Kai ka hana ni fankarka, ni kuwa na saya da kuɗina."

Ya sunkuya kamar mai duba ƙafar fankar. Babu ɗigo.

Ya 'yan uwa, kalma nawa ake bukata a nan? "Kashe ta." Amma in ya faɗa, za ta tambayi dalili, kuma idon nan da take kallonsa da shi ba zai sake ganinsa ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce, "Allah ya sa albarka." A ransa ya ce zai aiko da wata a musanya. Aiki ya yi yawa, yau ta zama gobe.

Da tsakar rana abin ya faru. Waya ta haɗu, kwayil ya kama, tartsatsi ya faɗa kan soso. Ta fita da ranta, amma hannayen da ta tura katifun da su ba su sake riƙe almakashi ba.

Aka fasa fankar, aka ga wayar cikinta tsirara, babu banish. Masu injina suka fasa nasu, suka zo suka zube masa su a ƙofar shagonsa. Aka fasa fankar ɗakinsa, aka tarar da ita a gashe, da jan ɗigonta.

Da ya je asibiti, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, ranar nan da ka sunkuya, me kake nema?"

Shagonsa ya rufe, kuma ba ta sake kiransa Baba ba.

Masu zuwa jaje suna ta cewa tsautsayi ne. Ni tsohuwa ce, na ga tsautsayi, kuma ban taɓa ganin wanda ya sa wa kansa alama da fenti ba. Mun saba ɗora wa ƙaddara abin da hannunmu ya naɗa, don mu yi barci.

Darasin a fili yake. Ha'inci ya fara kashe shi, amma shirun nan ne ya binne shi. Duk mai sana'ar da yake ware na gida daban da na kasuwa, ya sani 'ya'yansa ma kasuwar suke zuwa.

Allah ya kiyaye mu da aikin da ba za mu iya miƙa wa 'ya'yanmu ba. Amin.