Yadda Dutse Ya Ci Lambar Fartanya

Dalilin da ya sa kuka duba alamomin wayar babanku kaf, kuka ga guduma, kuka ga gatari da zarto, amma ba ku ga fartanya ba, ni na san shi. Ke Lantana, ajiye wayar nan tukuna, ko za ki wuni kina latsa ta ba za ki same ta ba.

A da can, waya ba ta san komai ba sai baƙaƙe. In mutum yana so ya ce kekensa ya lalace a zo a gyara, sai ya rubuta tiryan-tiryan har yatsa ya gaji. Ana nan sai aka yi shela cewa kayan aiki ma za su shiga rubutu, kowa ya zo ranar Laraba ya karɓi lambarsa. Ku sani, waya ba hoto take aikawa ba, lamba take aikawa. Wayar da saƙon ya je wa ita ke duba lambar ta zana hoton da kanta. Wanda ba shi da lamba kuwa, ba shi da ƙofar shiga.

Mai rabon wani dattijo ne, Malam Ƙirgau, mutum mai ƙa'ida har ta yi masa yawa. Dokarsa biyu ce: duk wanda ke kan layi zai samu, kuma lambar da ta fita ta fita ke nan, ba a karɓe ta.

Fartanya ta fi kowa ɗoki. Ta sa maƙeri ya wasa mata baki, aka yi mata sabuwar ƙota, ta yi sammako ta kama layi bayan Sufana da Guduma. Su kuwa tuni suke ta cika baki. Sufana ta ce duk inda aka gan ta gyara ake nufi, Guduma ta ce ita ce alamar gini da aikin ƙarfi. Fartanya kuwa a ranta tana murna: in an aika ta, an ce damina ta zauna, kowa ya fito gona.

Sai ta jiyo gangar noma daga gabas. Ta manta shaf ranar ce gayyar Iya Tabawa, tsohuwar da ciyawa ta kusa shaƙe wa gero, ga shi ta riga ta yi alkawarin zuwa. Gayya kuwa babu fartanya, an taru ne kawai a kalli ciyawa.

Sai ta yi abin da ku ma kuke yi a bakin famfo. Ta ɗauko dutse ta ajiye a gurbinta.

"Guduma, ga layina nan, ki shaida."

"Je ki abinki, ina gani."

Guduma ta riƙe amana daidai gwargwado. Layi na matsawa tana jawo dutsen a bayanta, har aka zo kanta. Tana karɓar lambarta murna ta ɗebe ta, ta tafi nuna wa dangi. Malam Ƙirgau ya duba ya ga dutse a gabansa. Shi kuwa bawan Allah bai taɓa zuwa ɗibar ruwa ba, bai san dutsen layi ba. Ya tambaye shi sunansa, shiru. Ya tambaye shi sana'arsa, shiru. Ya ce tun safe bai ga mai natsuwa irin wannan ba, ya ba shi lamba.

Da la'asar sai ga Fartanya, jikinta duk laka, cikinta cike da furar gayya. Ta tarar an watse, dutse na zaune da lambarta.

"Malam, a duba lamarin nan. Dutsen nan ai ni ce."

"Ke ce?"

"Ni ce, wallahi."

"To madalla, kin samu ke nan. Allah ya sa albarka."

Ta ji haushi ƙwarai, har da 'yar ƙwalla, ba zan ɓoye muku ba. Amma geron Iya Tabawa ya yi kyau a shekarar, tsohuwa ta cika rumbu, kuma ban taɓa jin Fartanya ta ce da ta sani ba.

Shi ya sa har yau za ku ga dutse zaune daram a cikin waya, ba ya tsinana wa kowa komai, Fartanya kuwa tana gona tana ciyar da mu. Ni dai duk ranar da aka turo mini dutsen nan, na san wa yake riƙe wa wuri.