Barmo da Tokar Matoya

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso.

Ta zo mu ji ta, Baba.

Ranar wata Laraba ce bayan kaka. Rana ƙwal, iska na kaɗawa daga gabas.

Akwai wani mutum, Barmo, a wani ƙauye gindin dutse. Gidajen duk na ciyawa ne, don haka aka ba shi aikin hawa dutsen yana duba gobara. Dabararsa ɗaya ce. Ya duba a murhu, ya duba a maƙera, ya duba a daji, bai taɓa ganin hayaƙi ya tashi babu wuta a ƙarƙashinsa ba.

Ya taɓa hango hayaƙi bayan gidan mahauta. Sai ya yi kururuwa, "Wuta!" Aka ruga, aka tarar tana cin danga. Ya hango a gonar liman. "Wuta!" Aka tarar tana cin kara. Ya hango can bakin rafi, mutane suka ce, "Barmo, ka ga harshenta?" Ya ce, "Ban gani ba. Ku je dai." Suka je, ga ta tana ci. Tun daga nan ba mai musu da shi. Shi ma ya daina musu da kansa.

Shekarar nan an yi fari. Geron Barmo ya mutu, wake kaɗai ya yi. Shi za su ci da 'ya'yansa har damina, a cikinsa kuma irin shuka yake. Ran Larabar nan zai zuba shi a rumbun zana, a cakuɗe da toka, kada ƙwari su huda shi.

Matarsa Tabawa maginiyar tukwane ce. Jiya ta toya tukwanenta, matoya cike da toka fara fat. Tana naɗa gammo za ta kasuwa, sai ta gan shi da fartanya.

Ta ce, "Maigida, bar tokar nan sai jibi. Ba ta huce ba."

Ya ce, "Tun safe nake kallonta. Ko zaren hayaƙi babu."

Ta ce, "To, tura hannu ciki mu gani."

Ya ce, "Ke, ni da gari ke tambaya? Babu hayaƙi, babu wuta. Yi tafiyarki."

Sai ta ɗauki kayanta ta wuce.

Sai ya ja toka da fartanya, ya cika kasko. Kaskon ya yi ɗumi, ya ce zafin rana ne. Ya zuba wake, ya zuba toka. Ya zuba wake, ya zuba toka, har rumbu ya cika. Ya rufe da jinka, ya hau dutse.

Ashe garwashi na kwance a cikin tokar, ja wur, shiru. Ya taɓa zana. Iska ta hura shi.

La'asar sakaliya sai Barmo ya hango hayaƙi, baƙi ƙirin. Ya yi kururuwa, "Wuta!" Bai yi kuskure ba. Gidansa ne.

Kafin ya sauko, rumbu ya zube. Aka yi ta watsa ruwa, aka ceci ɗakuna, wake kuwa ya zama gawayi. Tabawa ta dawo ta tsaya a ƙofar gida. Ƙaramar 'yarsu ta tsinci ƙonannen wake ta sa a baka, ta tofar, ta sake tsintar wani.

Da gari ya waye, Barmo ya saɓa ƙaramar a wuya, ya riƙe hannun babban. Ya kai su gidan surukansa a hayin rafi, ya durƙusa ya roƙa a ciyar masa da su. Ya juyo suna kiransa, bai waiwaya ba.

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗi.

In kun ga hayaƙi, ku ce akwai wuta, ba za ku yi ƙarya ba. In ba ku gan shi ba, ba ku san komai ba tukuna. Ku tashi haka nan.