Gangar Gordon a Ranar Bikin 'Yarsa

Kai da ka iya abu ɗaya tak a duniya ka hana maƙwabta sakat, da kai nake. Ba zan kama suna ba.

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na Yorkshire, Gordon Ackroyd, mai dafa bita, wata giyar Ingila mai ɗan ɗaci, a rumfar bayan gidansa. Gaskiya ya iya: ja-ja-ja, ɗaci daidai, ƙamshin sha'ir har titi. Amma bakinsa ya fi giyar ɗaci.

Maƙwabcinsa Clive ma yana dafawa, sai dai da haɗin gwangwani na kanti. Ruwan wanke safa, haka Gordon ke kiranta a gaban kowa.

Da bikin 'yarsa Hazel ya matso, Gordon ya cika gari da cewa gangarsa za a sha. Clive ke riƙe da makullin zauren biki, ya ce a kawo ta da wuri ta kwanta, tunda bita ba ta son jijjiga.

Gordon ya ce, "In bar maka ita ka ɗanɗana ka saci sirrina? Sannu, sarkin gwangwani."

Sai ranar biki da safe ya turo ta a baro, kan duwatsu. Da ya buga famfo, abin da ya fito kamar ruwan kududdufi. Baƙi kuma suna hanya daga coci.

Clive ya fita. Ya je gida ya kawo tasa, ya juye a tuluna, ya jera gaban gangar Gordon.

Aka sha, aka yi ta yabon Gordon. Uban ango ya ɗaga kofi, ya ce bai taɓa shan bita irin wannan ba, a tafa wa gwani. Aka tafa. Gordon yana tsaye kunnuwa jajir, ya rasa inda zai sa ido. Clive na can yana tattara kofuna.

Gordon ya bi shi wajen wanke-wanke, murya ƙasa-ƙasa: "Me ya sa ba ka faɗa musu ba?"

"Bikin Hazel ne, Gordon. Miƙo tawul."

Gordon ya ɗauki tawul ɗin da kansa, ya hau goge kofuna cikin kwat ɗinsa ta uban amarya.

Darasi: Wanda kake yi wa dariya yau, wataƙila shi zai rufa maka asiri gobe, kuma shirunsa sai ya fi mari zafi. Ku tura wa masu irin halin. Wanda kuma bai taɓa raina wanda ya fi shi kyan zuciya ba, ya fito ya ƙaryata ni.